Suwaitar Saratu a Dajin Barewa

Ba zan taɓa mantawa ba da tsakar ranar da wani tsohon Bature ya sa hancinsa a wuyana, a gaban ƙanin matata, ya shinshine ni kamar naman da ake zargin ya kwana. Shekaruna arba'in da tara a lokacin, da furfura a gemuna. Sai dai kunyar ba a ranar aka haife ta ba. Shekara ashirin na yi ina renonta da bakina a unguwar Lewisham ta Landan, don haka daga can zan fara.

Mahaifina maharbi ne, a wani ƙauye a ƙasar Ningi. Wannan gaskiya ne. Sauran abin da na riƙa faɗa ne ba gaskiya ba. Ina ɗan shekara takwas aka ɗauke ni zuwa makaranta a gari, kuma kafin nan aikina ɗaya ne tak idan na bi shi daji: riƙe masa ɗan ƙullin toka a tsumma. Idan ya ɗaga yatsa sai in kaɗa ƙullin, toka ta tashi, ya duba inda iska ta nufa da ita. Shi ke nan ilimina na farauta. Ban taɓa jan tsirkiya ba. Babbar dabbar da na taɓa kashewa ƙadangare ne, da danƙo (kuma ina zargin dama ba shi da lafiya).

Na zo Landan ina tuƙa wani babban ma'aikaci. Da ya gama aikinsa ya koma gida, ni na zauna na koma tuƙin bas. Duk Asabar bayan azahar mukan taru a bayan shagon Alhaji Isiyaka, mutumin Kumasi, mai sayar da doya da manja da busasshen kifi. A wannan ɗan lungun kowa yana da wata daraja da ya baro a gida. Wani jikan alkali ne, wani an kusa naɗa shi hakimi. Ni na ɗauki farauta. A shekarar farko barewa na harbe. Kafin shekara biyar ta zama gwanki. Da aka shiga shekarun alif ɗari tara da tamanin sosai, ɓauna ce ta taso mini a bakin rafi, na durƙusa na sa mata kibiya a tsakanin ido da ido. Kuma hankalina kwance yake, domin a Ingila doka ta hana farauta da baka. Babu dokar da na taɓa ƙauna kamar wannan. Duk wanda ya ce in nuna, sai in girgiza kai in ce, "Ai ƙasar ce ba ta yarda ba."

Matata Saratu ta san komai, domin ƙauyenmu da nasu ba nisa. Idan baƙi suka zo flat ɗinmu na fara labari, sai ta shigo da tire ta ce, "Sarkin Baka, ga shayi, a jiƙa maƙogwaro kafin ɓaunar ta taso." Baƙi su ɗauka kirari ne. Ni kaɗai nake ganin gefen bakinta. Sau ɗaya, bayan sun tafi, tana kwashe kofuna ta ce, "Wata rana dai ka harbo mini ko zomo ne, ni ma in sami abin faɗa."

Dole in yi maganar turarenta, don a kansa komai ya rataya. Duk Juma'a da safe Saratu takan hura gawayi a kasko, ta zuba turaren wuta da take haɗawa da hannunta, ta kifa kwando a kai, ta shimfiɗa tufafina ɗaya bayan ɗaya. Ƙararrawar hayaƙi da council, hukumar unguwa, suka maƙala mana a rufi takan yi ta ihu, har ta gano dabarar sa mata safa. Fasinjoji a bas sukan tambaye ni wane irin turare ne wannan. Akwai kuma wata suwaita ruwan ƙasa da ta saƙa mini a sanyinta na farko a ƙasar nan, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ita ce ta ƙarshe da ta turara, Juma'ar da ta rage kwana huɗu a kwantar da ita a asibiti.

Ba zan yi dogon bayani a nan ba. Jinyar ba ta daɗe ba. Allah Ya ji ƙanta.

Bayan rasuwarta ban wanke suwaitar ba. Nakan sa ta a ƙarƙashin kayan aiki, idan na dawo in ninke ta in sa a leda in ɗaure bakin. Kwalbar turaren tana saman kabad ɗin kicin, ban iya taɓa ta ba. Na daina zuwa shagon Alhaji Isiyaka. Daga garejin bas sai gida, daga gida sai garejin bas, har kusan shekara.

Wata Lahadi waya ta yi ƙara. Nasiru ne, ƙanin Saratu, likita a wani ƙaramin gari can arewacin Amurka kusa da iyakar Kanada. Lokacin da yake karatu a Landan a falonmu yake kwana, don haka ɓaunata ya san ta kamar 'yar gida.

"Yaya, na yi maka booking," ya ce. "Wata huɗu masu zuwa za a buɗe farautar baka a nan. Dajin gwamnati ne, kowa da lasisi yana shiga. Akwai wani tsohon namijin barewa da ya gagari kowa. Na gaya musu mijin yayata ɗan maharbi ne."

Na ce aiki ba zai bar ni ba. Ya ce Bilkisu ta riga ta duba kwanakin hutuna. Bilkisu 'yarmu ce, ita kaɗai Allah Ya ba mu, tana aikin jinya a lokacin. Tana tsaye a ƙofar kicin ta harɗe hannu. Na yi mata magana da Hausa, ta ba ni amsa da Turanci kamar kullum, kuma ma'anar amsar ita ce zan tafi.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai shago. Na je sayen manja, Alhaji Isiyaka ya fito daga bayan kanta da hannu biyu a buɗe. Hausarsa ta zango ce, komai namiji ne a bakinsa.

"Sarkin Baka, ka tuna da mu? To yanzu doka ba ya hana ka. Barewa ya shiga uku. Ka kawo mana kilishi, kowa ya samu."

Na yi dariya tare da su.

Abin da na yi a wata huɗun nan ban gaya wa kowa ba sai daga baya. Na sami wata ƙungiyar masu harbin baka da ke taruwa duk Lahadi a filin wata makaranta can bayan gari, inda na tabbata ba Bahaushen da zai bi ta wurin. Wata tsohuwar Baturiya ce ta koya mini, ƙarama, kanta bai wuce kafaɗata ba. Kibiyata ta farko ta sami tsakiyar allo, sai dai allon mutumin da ke kusa da ni. Tsirkiya ta yi ta dukan hannuna har ya yi baƙi (na gaya wa Bilkisu ƙofar bas ce, ita kuwa ma'aikaciyar jinya ce). Amma na nace. Direban bas ya san zama wuri ɗaya da maimaita abu ɗaya. Kafin tafiya, daga taki ashirin, ina iya zuba kibau biyar a fili mai faɗin faranti. Sai girman kai ya dawo mini, har da ƙari.

Dajin ya fi duk abin da na zata. Mun yi tafiyar awa uku a mota daga garin Nasiru, kwalta ta ƙare, hanyar ƙasa ta ƙare, muka ɗauki kaya a baya muka taka zuwa wata bukkar katako a bakin tabki. Itatuwa dogaye masu ganye kamar allura, sanyi mai shiga ƙashi, shiru kamar an toshe maka kunne. Mu uku ne: ni, Nasiru, da maƙwabcinsa Frank, tsoho mai farin gemu wanda ya yi ritaya daga aikin katako. Shekara uku Frank yana bin wannan namijin barewa. Ya nuna mini sawunsa a laka, da itacen da ya goge ƙahonsa a jiki har ɓawo ya saluɓe. Irin barewar can idan ta tsorata takan ɗaga wutsiya, ka ga fari fat, daga nan ba ka ƙara ganinta. Ni da Nasiru muka sa wa wannan suna Dattijo.

Frank yana da doka ɗaya, ya kuma maimaita ta sau uku. Dattijo ba da ido ya tsufa ba, da hanci ya tsufa. Don haka kowa zai yi wanka da wani sabulu marar ƙamshi, a wanke duk tufafi da shi, a zuba su a buhu tare da ganye da ƙasar dajin. Ba turare, ba man shafawa. Na miƙa komai nawa, har hula. Suwaitar kuwa na naɗe ta a cikin dardumar salla. Kullum bayan asuba sai in juya musu baya in zura ta, in ɗora rigar farauta a kai in ja zif har wuya. A raina na ce ƙamshin da ya shekara ai ya zama nawa ni kaɗai.

Rana ta farko ba mu ga komai ba. Rana ta biyu suka ba ni wuri mafi kyau, don girmamawa: wani ɗan gado na katako a kan bishiya, kusa da inda hanyar Dattijo ta rabu biyu, ɗaya ta hau tudu cikin itatuwa, ɗaya ta bi bakin tabki. Hantsi ya ɗaga sai ga shi. Ban taɓa ganin halitta mai nutsuwa haka ba. Wuya kamar turmi, ƙaho mai rassa. Yana nesa, inda kibiya ba ta kaiwa, ya tsaya cak. Ya ɗaga hanci. Ya yi wani irin huci mai ƙarfi, kamar tsohon da aka kawo wa maganar banza, ya ɗaga farar wutsiya ya tafi. Rana ta uku Frank ya zauna ƙasa da ni kaɗan, aka maimaita abu ɗaya, har ma daga nesa fiye da jiya.

Da tsakar ranar muka koma bukka cin abinci. Kwana biyu suka rage mana. Frank ya zauna yana juya kofi, ya ce bai gane ba, dabbar nan ba ta taɓa yin haka ba. Mai hankali da ya yi shiru. Ni sai na gyara zama.

Na yi musu lacca. Da Turancina na direban bas na bayyana musu cewa a ƙasarmu maharbi na gaske ba shi da wari ko kaɗan, mahaifina kan kwana uku ba ya cin abin da aka soya kafin ya shiga daji. Na ce ba don in ɓata wa kowa rai ba, amma mutumin da yake shan kofi kofi shida a rana yana cin cuku da albasa, dabba za ta ji shi daga wata ƙasa. Ina faɗa ina kallon Frank. Har na kawo ɓaunar a matsayin hujja. Murhun bukkar yana ci sosai, laccar ma ta sa ni zufa, sai na kai hannu na ja zif ɗin rigata ƙasa ba tare da na sani ba.

Frank ya daina tauna. Ya ɗaga kai, daidai yadda Dattijo ya yi. Ya tashi a hankali ya zagayo tebur, ya sunkuyo, ya sa hancinsa a wuyana ya ja numfashi. Ya koma da baya, ya sake matsowa ya ƙara ja.

Zafi da zufa sun tayar da abin da na zata ya kwanta. Ƙamshin ya cika bukkar nan kamar Juma'a da safe a Lewisham.

"Yaya," Nasiru ya ce da Hausa, muryarsa ƙasa ƙasa. "Buɗe rigar nan."

Na buɗe. Ga suwaita ruwan ƙasa, hannu ɗaya ya leƙo ya wuce ɗaya.

"Wannan turaren Yaya Saratu ne," ya ce.

Frank bai ji Hausa ba, don haka shi dariya ta kama. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, yana dukan tebur. Ya ce shekara arba'in yana shiga daji bai taɓa farauta da mutumin da ke ƙamshi kamar ɗakin amarya ba. Ya ce cukunsa yana neman a ba shi haƙuri. Ni kuwa ina zaune, zif a buɗe, kunnuwana suna zafi, ina kallon wani ƙulli a jikin katakon tebur kamar a can aka rubuta mafita. Na ɓata wa mutum farautar shekara uku, na kuma ɗora wa abincinsa laifi.

Nasiru ya yi masa bayani a taƙaice. Dariyar ta tsaya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Tunda abin ya kai haka, na ga gara in sauke kayan duka. Na ce babu ɓauna. Babu gwanki, babu barewa. Na faɗi ƙadangaren. Na faɗi tsohuwar da ta koya mini harbi.

"Ai na sani, Yaya," Nasiru ya ce.

"Ka sani?"

"Tun ina kwana a falonku. Yaya Saratu ce ta gaya mini. Ta ce duk ranar da na ƙaryata ka a gaban mutane in nemi wani gidan cin tuwo. Ta ce mutum a ƙasar wasu yana bukatar abu ɗaya da zai riƙe wanda yake nasa."

"Alhaji Isiyaka fa?"

"Har kifin shagonsa ya sani. Shi ma ta ja masa kunne."

Shekara ashirin ina zaton ni nake riƙe da mutane da labari, ashe su suke riƙe da ni, bisa umarnin mace ɗaya mai tiren shayi.

Frank, cikin kirki, ya ɗora tukunyar ruwa a murhu ya ajiye sabulunsa kusa da ni. Ya ce idan aka wanke suwaitar yanzu za ta bushe kafin safe, ba wanda zai ƙara ta da maganar. Na dubi tukunyar. Na ce a'a. Na ce su je su yi farautarsu, ni zan zauna a bukka in dafa musu abinci, wannan aƙalla na iya.

Da la'asar suka fita, na zauna ina kwashe tokar murhu. Ina cikin kwashewa hannuna ya tsaya. Na ciro hankicina na zuba toka na ƙulle. Na taka zuwa mararrabar nan, na tsaya na kaɗa ƙullin kamar yadda na yi shekara arba'in da suka wuce. Washegari da sassafe na koma na sake gwadawa, nan da can, sama da ƙasa. Tokar ba ta yi mini ƙarya ba. Da safe iska daga tudu take gangarowa, ta ratsa mararraba ta faɗa tabki.

A nan na tuna yadda ake farautar gayya a ƙauyenmu. Mutane kashi biyu ne: masu kora da masu tare. Mai kora ba ya ɓuya, so yake a ji shi. Mai tare shi ne yake lafewa a inda dabba za ta ɓullo. Kwana uku ina ƙoƙarin ɓoye Saratu, alhali ita ba mai ɓuya ba ce.

Na gaya musu dabarata. A rataye suwaitar a hanyar tudu. Idan Dattijo ya iso mararraba iska za ta kawo masa ƙamshin, zai kauce ya bi bakin tabki. Ni kuma in zauna a ƙasa tsakanin hanyar da ruwa, inda warina zai tafi tabki. Frank ya daɗe yana sosa gemu. Ya ce zai iya yiwuwa. Sannan ya nuna sama, inda hadari ya haɗu, ya ce in sani fa, idan ulu ya yini a cikin ruwan nan ba abin da zai rage a jikinsa.

Na ce na sani.

Ya ce wurin nawa ne, tunda dabarar tawa ce.

Ranar ƙarshe bayan asuba na cire suwaitar na rataye a reshe, na daidaita kafaɗunta kamar yadda Saratu take yi mini idan zan fita aiki. Na ɗan tsaya. Sannan na gangara na lafe a bayan wani kututture da ya faɗi. Ba a jima ba yayyafi ya fara. Ban san sanyi ba sai ranar. Haƙorana suka riƙa haɗuwa, na sa bakin hannun riga na cije. Daga inda nake ina hango ta can sama, ɗan tabo ruwan ƙasa, tana ƙara duhu da nauyi. Sau biyu na yunƙura zan je in ɗauko ta. Sau biyu na koma na zauna, na kaɗa tokar, na ga iska tana nan inda na bar ta.

Wajen awa uku sai na ji ƙarar ƙirare ya karye.

Dattijo ya iso mararraba ya tsaya. Ya ɗaga hanci. Wannan karon bai yi huci ba, ƙila don ruwa ya rage ƙarfin ƙamshin. Ya daɗe yana kallon tudu. Sannan ya juya a hankali ya biyo bakin tabki, yana taki ɗaya yana waiwaye, duk hankalinsa yana can sama. Ya zo daidai da ni, taki goma sha biyar, ya tsaya ya ba ni haƙarƙari, fuskarsa tana kallon suwaitar.

Na ja tsirkiya har kusurwar baki kamar yadda tsohuwar ta koya mini. Na yi bismilla a hankali. Na saki.

Ya zabura ya shige cikin itatuwa. Na zauna har su Nasiru suka iso, muka bi jini. Bai yi nisa ba. Mun same shi kwance a bakin ruwa da sauran numfashi, Nasiru ya nuna mini alƙibla, na yanka shi da hannuna. Rassa takwas ne a ƙahonsa. Frank ya cire hula ya tsaya a kansa. Can ya miƙo mini hannu ya ce shekara uku yana bin dabbar nan da duk dabarar da ya sani, sai ga direban bas da hankicin toka da rigar matarsa. Nasiru ya rungume ni yana cewa, "Sarkin Baka," kuma a karon farko a rayuwata ban nemi gefen bakin mai faɗa ba.

Na bar su suna fiɗa na hau tudu ni kaɗai. Suwaitar ta jiƙe sharkaf. Na matse ta, na sa fuskata a ciki. Ruwan sama, ganye, ɗanyen ulu. Ba komai bayan wannan. Na daɗe a wurin. Nasiru yaro ne mai hankali, bai biyo ni ba.

Ba a shigowa da nama Ingila, don haka kilishin Alhaji Isiyaka bai samu ba. Hoto na kawo. Asabar ta farko na je shago, aka kewaye ni. Alhaji ya sa tabarau ya kai hoton kusa da fitila ya daɗe yana dubawa.

"Wannan barewa tsufa ya kashe shi," ya ce. "Kai dai ka je ka tsugunna kusa."

"Ga kibiyar nan a hannuna, Alhaji."

"To ɓauna fa? Shi ma akwai hoto?"

"Babu ɓauna, Alhaji."

"Mun sani," ya ce. Ya ɗauko ƙusa ya kafa hoton a saman kanta, inda duk mai sayen doya zai gani. Ya juya baya yana gyaran kwalaye da ba su bukatar gyara, ya ce, "Da Hajiya Saratu ya ga wannan."

Ranar Juma'a Bilkisu ta zo. Ta ga suwaitar a kan kujera, ba a leda ba. Ta ɗauka ta shinshina, ta dube ni. Na ba ta labarin duka, har da hancin Frank, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Sannan ta tashi ta taka kujera ta sauko da kwalbar daga saman kabad. Ta hura gawayi a kasko, ta kifa kwando, ta cire safarta ta sa wa ƙararrawar hayaƙi. Na tambaye ta idan kwalbar ta ƙare fa. Sai ta amsa mini da Hausa, Hausarta mai ɗingishi: "Mama ta koya mini haɗawa, Baba. Kai ne ba ka tambaya ba." (Safar ba ta yi aiki ba. Ƙararrawar ta yi ta ihu har maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa.)

Abin da na koya ba shi da yawa. Kafin ka tashi yi wa mutane lacca a kan warinsu, sunkuya ka shinshina wuyanka. Zomo Saratu ta nema, kuma ko wannan ban iya ni kaɗai ba, sai da ta koro na tare. Yanzu idan aka nemi labarin a bayan shago nakan ba da shi yadda ya faru, da ƙadangaren da cukun da komai, ba na ƙara ko ɗigo. Makon jiya ne kawai na ji bakina ya ce rassa tara. Alhaji Isiyaka ya ɗaga yatsa ya nuna hoton.